Da me ake auna tasirin masanin garkuwar jiki? Misalin Brian Greenwood

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a fannin ilimin garkuwar jiki. An ba mu aikin aji, kowa ya zaɓi masani ɗaya ya yi rubutu a kan yawan binciken da ya wallafa da tasirinsa a fagen ilimi. Na zaɓi Farfesa Brian Greenwood don na ji an ce ya taɓa zama a Zariya. Na shiga Google Scholar da Scopus na kwaso yawan maƙalunsa da yawan ambatonsu da lambar h. Sai na ga abin ko shafi guda bai cika ba, kuma alƙaluman wuraren biyu sun saɓa wa juna. Tasirin ke nan gaba ɗaya? Ga shi kuma wata ƙawata ta ce shi ba masanin garkuwar jiki ba ne, likitan maleriya ne kawai. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayoyi biyu ne kika haɗa. Ta farko, ko alƙaluman da kika kwaso su ne tasiri. Ta biyu, ko mutumin da kika zaɓa ɗan fanninki ne. Zan fara da ta farko in wuce ta da sauri, domin ta biyu ce ke da nama, kuma a cikinta ne za ki ga amsar ta farkon ta fito da kanta.

Abin da alƙaluman ke faɗa

Lambar h wani masanin fiziks ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ta a 2005. Ma'anarta ba wuya: in lambar mutum 40 ce, yana da maƙalu 40 da aka ambaci kowace ɗayansu aƙalla sau 40. Saɓanin da kika gani kuwa ba kuskurenki ba ne. Google Scholar yana ƙirga duk abin da ya ci karo da shi a intanet, har kundin digiri da rahotanni da babin littafi, Scopus kuma ba ya ƙirga sai abin da ya tantance, galibi mujallu. Shi ya sa lambar farko kusan kullum ta fi girma. Ki rubuta duka biyun, ki sa ranar da kika duba, ki wuce. Ni ba zan ba ki nawa alƙaluman ba, don kafin ki miƙa aikinki sun canza.

Matsalar ita ce ambato ba ya gaya miki dalilin da ya sa aka ambata. Maƙalar da Oliver Lowry da abokan aikinsa suka fitar a 1951 a kan yadda ake auna furotin an ambace ta fiye da sau 300,000, tana sahun gaba cikin duk maƙalun kimiyya, alhali hanyar awo ce kawai da kowane ɗakin gwaji yake bukata. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta jingina wa allurar rigakafin ƙyanda da hangum cutar galahanga, ita ma an ambace ta sau ɗaruruwa bayan mujallar Lancet ta janye ta a 2010, da yawa daga masu ambaton ƙaryata ta suke yi. Kwamfuta kuwa duk ɗaya take ƙirga su. Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. A ɗaya ɓangaren kuma ga Charles Janeway, wanda a 1989 ya yi hasashen cewa dole garkuwar da aka haife mu da ita tana da wasu na'urori na gane siffar ƙwayoyin cuta. Shekaru aka yi ba a waiwaye shi sosai ba, sai daga 1997 da aka fara gano na'urorin a jikin ɗan adam. Da an auna wannan rubutu a shekararsa ta uku, da an ce bai yi komai ba.

Daga Ibadan zuwa Zariya

Yanzu ga maganar ƙawarki. Ta faɗi rabin gaskiya. Duniya ta san Greenwood da maleriya da sanƙarau, amma ta ƙofar garkuwar jiki ya shigo, kuma in kin karanta maƙalunsa bi da bi za ki ga tambayar da ya fara da ita ba ta taɓa rabuwa da shi ba.

Ya gama karatun likita a Ingila a 1962, ya zo asibitin koyarwa na Ibadan a 1965. A can ya lura da wani abu: cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, irin amosanin gaɓɓai mai lanƙwasa yatsu, da wuya ya gan su, alhali a asibitocin Landan sun zama ruwan dare. A 1968 ya wallafa wannan a Lancet, ya kawo hasashen cewa yawan kamuwa da maleriya da sauran cututtukan da ke zama a jiki tun ƙuruciya yana iya sauya yadda garkuwar take aiki har ta rage far wa jikin. Da ya koma Ingila koyon fannin garkuwar jiki sai ya gwada hasashen a kan wasu ɓeraye da aka san suna kamuwa da irin wannan ciwo da kansu. Ya sa musu maleriyar ɓeraye, ciwon ya lafa. Wannan ya fito a mujallar Nature a 1970. Ki lura da shekarun. Sai a 1989 David Strachan ya kawo bayanin da ya shahara daga baya, cewa ƙarancin cuɗanya da ƙwayoyin cuta a ƙuruciya yana da hannu a yawaitar cututtukan borin jini. Masu rubuta tarihin wannan ra'ayi a yau sukan koma su ambaci maƙalar Ibadan a matsayin ɗaya daga cikin na farko.

Ba ina nufin ki haɗiye maƙalar 1968 ɗungurungum ba. Lissafin asibiti ne, kuma wanda ya kai kansa asibitin koyarwa a wancan zamani ba shi ne duk mai ciwo ba. Yau da muke da ƙwararrun likitocin gaɓɓai da gwajin jini, ana ganin waɗannan cututtuka a Najeriya fiye da yadda aka zata. In kin rubuta wannan a aikinki ba rage masa daraja kika yi ba. Maƙalar da har yanzu ake jayayya da ita bayan shekara hamsin da ɗoriya tana da rai.

A 1970 ya dawo Najeriya, wannan karon Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke kafa sabuwar makarantar likitanci, Farfesa Eldryd Parry yana shugabantar sashen likitan ciki. Shekara goma ya yi. A ganina waɗannan shekaru goma su ne ya kamata su zama zuciyar aikinki, domin a nan ne ya fi zama masanin garkuwar jiki tsantsa, kuma a nan ne alƙaluman intanet suka fi gazawa.

Ɗauki maƙalar 1972 da ya fitar a Lancet tare da Anthony Bryceson da wasu. Sun yi wa yara masu zazzaɓin maleriya allurar rigakafin taifot da ta tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora, sannan suka auna antibodi, wato sinadaran kariya da jiki ke ƙerawa a cikin jini. Yaran da ke fama da maleriya ba su ƙera kamar masu lafiya ba. A 1978 shi da abokin aikinsa Williamson suka ƙara zurfafawa: amsar jiki ga rigakafin taifot tana dawowa da wuri bayan an ba yaro magani, amma amsarsa ga rigakafin sanƙarau ba ta gama farfaɗowa ba har bayan wata guda. Ki tsaya ki yi tunanin ma'anar wannan a ƙasarmu. Damina ta kawo sauro, yaro ya yi ta kwanciya yana tashi, garkuwarsa ta raunana, ga kuma ma'aikatan rigakafi sun zo. Wato maleriya, ban da kisan da take yi da hannunta, tana buɗe ƙofa ga wasu cututtuka, tana kuma rage amfanin allurar da aka yi don tare su. Wannan ne zaren da ya ratsa duk aikin da ya yi daga baya, kuma shi ne bayanin abin mamakin da aka gani a Gambiya, wanda zan zo kansa.

Sai sanƙarau. Duk wanda ya tashi a arewa ya san lokacinsa: hunturu ya ja jiki, zafin bazara ya shigo, yara su fara sanƙarewar wuya, da ruwan farko ya sauka kuma abin ya ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Greenwood da abokin aikinsa Hilton Whittle sun fara ne da matsalar gano cutar. Shuka ƙwayar cuta a ɗakin gwaji yana cin kwanaki, kuma in an riga an ba maras lafiya maganin kashe ƙwayoyi kafin ya iso, ba abin da zai tsiro. A 1971 suka nuna cewa ana iya ɗiga ruwan ƙashin bayan maras lafiya a rami ɗaya a kan faifan gilashi, a ɗiga antibodi a ramin da ke fuskantarsa, a saki wutar lantarki, in akwai ɓawon ƙwayar sanƙarau sai wani farin layi ya bayyana a tsakani, a san har nau'inta a ranar. Dabara ce ta ilimin garkuwar jiki zalla, aka kawo ta bakin gadon maras lafiya. Annobar 1977 a Zariya ta same su a shirye, suka rubuta ta dalla-dalla. A wannan asibitin ne kuma Dokta S. S. Wali da abokan aikinsa suka gwada allura ɗaya tak ta kuloramfenikol mai mai, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, sakamakon ya fito a 1979, kuma wannan allura ta daɗe tana cikin abin da ake dogara da shi a lokacin annoba a ƙasashen Sahel, inda ba gadon da za a kwantar da kowa kwana bakwai. A 1981 shi da Whittle suka tattara abin da suka koya a littafi a kan garkuwar jiki da cututtukan ƙasashe masu zafi.

Ki duba yawan ambaton waɗannan maƙalu, za ki ga ba su kai na shekarun da suka biyo baya ba. Dalili a fili yake. Masu bincike a kan sanƙarau a 1975 ba su da yawa, kuma ma'aikacin lafiyar da ya yi wa yaro allurar nan a wani ƙauye ba ya rubuta maƙala balle ya ambaci kowa. Binciken da ya shiga littafin jagorar aiki yakan daina samun ambato, domin ya zama abin da kowa ya sani.

Gambiya, da tambayar wa ke da aikin

A 1980 ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar MRC, wato hukumar binciken lafiya ta Birtaniya, ya yi shekara 15. A nan aikin ya tashi daga faifan gilashi ya koma gwaji a kan dubban mutane. A 1991 Pedro Alonso da Greenwood da sauransu suka ba da rahoton cewa a ƙauyukan da aka tsoma gidan sauro a magani, mutuwar yara 'yan shekara 1 zuwa 4 ta ragu da fiye da rabi. Abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne raguwar ta wuce abin da ake zaton maleriya ita kaɗai ke kashewa. Wanda ya karanta maƙalun Zariya na 1972 da 1978 ba zai yi mamaki sosai ba. Da aka faɗaɗa shirin zuwa ƙasar baki ɗaya, binciken 1995 ya nuna raguwar kashi 25 cikin 100 a mutuwar yara, adadi mafi ƙanƙanta amma mafi kusa da abin da ake samu a zahiri in gwamnati ce ke gudanarwa. Wani nazari da ya fito a Nature a 2015 ya ƙiyasta cewa an kauce wa kamuwa da maleriya sau miliyan 663 a Afirka daga 2000 zuwa 2015, kashi 68 cikin 100 albarkacin gidan sauro mai magani.

Daga Gambiya ne kuma aka samu gwaje-gwajen rigakafin Hib (wata ƙwayar cuta mai jawo wa yara sanƙarau da namoniya), wanda sakamakonsa ya fito a 1997, da na ƙwayar namoniya a 2005, wanda ya ƙunshi yara sama da 17,000 ya kuma nuna raguwar mutuwa da kashi 16 cikin 100. Bayan ya koma Makarantar Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan a 1996, yana cikin waɗanda suka ja ragamar gwajin ba yara maganin maleriya wata-wata a lokacin damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012, kuma shi ne maganin nan da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Katsina da Sakkwato da Maraɗi da sauran wurare. A 2021 gwajin Mali da Burkina Faso ya nuna cewa in an haɗa wannan magani da allurar rigakafin maleriya ta RTS,S kafin damina, kwanciya asibiti saboda maleriya mai tsanani tana raguwa da kusan kashi 70 cikin 100 a kan maganin shi kaɗai.

Ga inda nake so ki yi hattara. A yawancin waɗannan maƙalu sunansa ba shi ne na farko ba, yakan zo a ƙarshe ko kusa da ƙarshe, wurin da a al'adar fanninmu ake ajiye wa jagora. Lambar h ba ta bambanta na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kowa cikakken maki take ba shi. Don haka shugaban babbar cibiya dole lambarsa ta kumbura, ko da a ce bai taɓa riƙe sirinji ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai ma'aikatan jinya da masu zagaya ƙauyuka a kan babur suna ƙirga haihuwa da mutuwa, waɗanda sunansu ba ya cikin kowace maƙala, akwai kuma likitocin Afirka da sukan tsinci sunansu a tsakiyar jeri. Wannan koke ne na gaskiya a kan yadda ake binciken lafiya a nahiyarmu, kuma aikinki zai fi nauyi in kin taɓo shi maimakon ki zuba yabo kawai.

Sabuwar allurar rigakafin sanƙarau, MenAfriVac, misali ne mai kyau na yadda ake raba haƙƙi daidai. Tsohuwar allurar sanƙarau ɓawon sukarin ƙwayar ce zalla. Ba ta kama ƙananan yara sosai, kariyarta ba ta daɗewa, kuma ba ta hana mutum ɗaukar ƙwayar a maƙogwaro ya yaɗa. Shi ya sa annobar 1996 ta yi mana irin ɓarnar da ta yi. Rahoton Farfesa Idris Mohammed, wanda shi ma masanin garkuwar jiki ne da ya yi aiki a Zariya, ya lissafa mutum 109,580 da suka kamu a Najeriya, 11,717 suka rasu. Sabuwar allurar an ɗaure sukarin ne a jikin furotin, abin da ke sa ƙwayoyin T, wani rukuni na sojojin garkuwar jiki, su shigo cikin aikin, jiki ya riƙe tunanin abokin gaba. Ba Greenwood ne ya ƙera ta ba. Shiri ne na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH, kamfanin Serum Institute na Indiya ya sarrafa ta, aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010. Rabonsa shi ne awo. A Chadi, bayan an yi wa mutum kusan miliyan 1.8 allurar a ƙarshen 2011, binciken da ya jagoranta tare da masanan ƙasar ya nuna bambancin kashi 94 cikin 100 a yawan sanƙarau tsakanin yankunan da aka yi da waɗanda ba a yi ba, kuma nau'in A na ƙwayar sanƙarau, wanda aka yi allurar dominsa, ya kusa ɓacewa daga maƙogwaron mutane. In kin rubuta cewa shi ya kawo allurar, kin yi kuskure. In kin cire shi daga labarinta, nan ma kin yi kuskure.

Yadda nake yi in an kawo mini takardun mutum

Na sha zama a kwamitin duba takardun ƙarin girma, kuma na ga abin da ƙirga zalla ke haifarwa. An taɓa kawo mana mai neman matsayi da maƙalu sama da sittin. Da na zauna na karanta, sai na tarar bincike ɗaya ne a kan jinin mutum ɗari da 'yan kai aka yayyanka shi gida bakwai, kowane yanki da takensa. A zama guda kuma ga wata mai maƙalu goma sha huɗu, ɗaya daga ciki ta sa an sauya yadda ake ajiye samfurin jini a asibitin da take aiki. Ƙa'idar maki ta ba na farkon nasara, ni kuwa har yau abin yana yi mini ciwo. Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. Tun 2012 aka tsara sanarwar San Faransisko da ke kira ga jami'o'i su daina auna mutum da sunan mujallar da ya wallafa a ciki.

Tun daga lokacin na ɗauki wata hanya, ita zan ba ki. Nakan zaɓi maƙalu biyar, in karanta kowace daga farko har ƙarshe, in tambayi kaina me aka sani kafin ta fito, me aka sani bayanta. Sannan in buɗe jerin masu ambatonta in karanta ashirin daga ciki, in ga ko gina wani abu suka yi a kanta ko gaisuwa kawai suka yi mata a gabatarwa. Daga nan in nemi sawunta a wajen mujallu, a jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya da na ma'aikatun lafiya. A ƙarshe in duba mutanen da suka fito daga hannunsa, ina suke yanzu, me suke shugabanta. A wannan ɓangare Greenwood yana da abin nunawa, don ya jagoranci shirin da gidauniyar Gates ta ɗauki nauyi na horar da masu binciken maleriya 'yan Afirka har matakin digiri na uku. Lambobin yabo kuwa, kamar kyautar Hideyo Noguchi ta Japan a 2008 da ta Gairdner ta Kanada a 2012 da sarautar Sir ta Birtaniya ita ma a 2012, ki ba su layi biyu kawai. Shaida ce ta abin da takwarorinsa suka gani, amma sukan zo ne bayan an gama aikin.

Wannan hanya tawa tana da nata rauni. Zaɓen maƙalu biyar ra'ayi ne, wani zai zaɓi wasu daban. Ni likita ne, idona yana karkata ga abin da ya rage mutuwa a ɗakin yara, masanin da ya ƙare rayuwarsa a kan siffar wani furotin zai ce na yi masa rashin adalci, kuma yana da hujja: in da ma'aunin sabon ilimi a kan yadda garkuwa ke aiki za a bi, Janeway yana gaba da Greenwood nesa ba kusa ba. Ban kuma taɓa aiki tare da shi ba, hukuncina daga abin da aka wallafa ne.

Ga aikin ajinki, da ni ne zan sa alƙaluman a ƙaramin jadawali a shafin farko, in zaɓi maƙalun 1968 da 1972 da 1978 da 1991 da ta Chadi, in nuna yadda tambaya ɗaya, wato abin da cuta ke yi wa garkuwar yaro a ƙasa mai zafi, ta bi ta cikinsu. Tsofaffin maƙalun Zariya da yawa suna cikin Lancet da mujallar ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi ta Birtaniya. In kina neman su a PubMed, rumbun maƙalun likitanci na intanet, ki rubuta Greenwood BM, domin masu wannan suna suna da yawa, sannan ki sake nema da Greenwood B kaɗai, don haka sunan yake fitowa a maƙalunsa na baya-bayan nan.